Hanyar Hana: Tambayoyi da Amsoshi Kan Magangarun Ruwa da Wuraren Iyo a Tsibirin Maui

Da an ambaci Hawai, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne rairayin bakin teku da manyan otal-otal. Gabashin tsibirin Maui kuwa wata duniya ce daban: kurmi ne mai duhu, da rafuka masu gangarowa daga kan dutse, da wata siririyar kwalta da ta ratsa su har zuwa ƙaramin garin Hana. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi yi mini, musamman ɗalibai da ma'aikata mazauna Amurka masu shirin zuwa hutu, sai kuma na gida da suka ga hotuna suke son jin yadda abin yake.

Wai ina ne Hanyar Hana, kuma me ya sa ake ta zuzuta ta?

Maui shi ne na biyu a girma cikin tsibiran jihar Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik. Daga Kalifoniya jirgi kan yi awa 5 zuwa 6 a sama kafin ya sauka a Kahului, inda babban filin jirgin tsibirin yake. Daga nan hanyar ta tashi, ta bi ta garin Paia, ta rungumi gefen dutsen Haleakala ta arewa maso gabas, ta nufi Hana. Tsakaninsu kimanin mil 52 ne, wato kilomita 84.

Dutsen nan shi ne tushen komai. Tsayinsa mita 3,055 ne, kuma iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas kusan duk shekara tana ɗauko danshin teku ta yi karo da shi, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a wannan gefen. Akwai wani wuri a can sama da ake kira Big Bog wanda ke samun ruwan sama fiye da milimita 10,000 a shekara. Duk ruwan nan dole ya sauko teku, kuma hanyar ta gitta kowane kwari da yake bi. Shi ya sa kusan duk gadar da ka hau, in ka leƙa dama za ka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, in ka leƙa hagu ka hango teku.

Mil 52 kacal, me zai sa a ce a ware mata yini guda?

Saboda kwana. Ana ƙidaya kusan 620 a hanyar, da gadoji 59, kuma 46 daga cikinsu mota ɗaya kawai suke ɗauka. Ko ba ka tsaya ko'ina ba, awa biyu da rabi ce zuwa Hana. An buɗe hanyar a 1926, ba a gama shimfiɗa mata kwalta ba sai a 1962, gadoji da yawa kuma tun wajejen 1910 suke. A 2001 aka shigar da ita rajistar wuraren tarihi ta Amurka, saboda haka kada ka sa ran za a wayi gari an faɗaɗa ta.

In a gidanku akwai mai amai a mota, ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna gaba.

Yaya ake yi da gadar da mota ɗaya take ɗauka?

Akwai alama da farin layi kafin kowace gada. Ka tsaya a nan ka duba. Wanda ya riga isowa shi ke wucewa, motocin da ke manne a bayansa kuma su bi shi, sannan naku ɓangaren ya shiga. Ba a yin hon, ba a kutse. Wanda ka ba hanya yakan ɗaga maka hannu, babban yatsa da ƙaramin a miƙe, sauran a dunƙule. Gaisuwarsu ce, ka mayar masa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne madubi. Idan ka ga wata tsohuwar a-kori-kura ta matso bayanka, ɗan gari ne, ya san kowace kwana, wataƙila aiki za shi ko asibiti. Da ka sami ɗan fili sai ka rakuɓe ya wuce. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin baƙi da mutanen yankin daga nan take farawa.

Magangarun suna da yawa. A ina zan tsaya?

Ra'ayina, ka zaɓi uku ko huɗu ka bar sauran. Masu ƙoƙarin tsayawa a kowace gada kan isa ƙarshen hanya da la'asar sakaliya, a gajiye, su rasa wurin da ya fi kowanne. Ana kwatance da allunan mil da ke gefen titi. Ka lura lissafin yana komawa sifili bayan ka wuce Paia da ɗan nisa, inda hanya mai lamba 36 ta zama 360.

A mil 2 akwai Twin Falls. Gonar wasu mutane ce da suka buɗe wa baƙi, ana biyan kuɗin ajiye mota, a bakin shiga kuma akwai rumfar da ake sayar da ruwan rake da kwakwa. Tafiyar ba ta da wuya, gurbin ruwan ma ya dace da wanda bai saba ba. Illarsa ita ce shi ne na farko, kowa nan yake fara tsayawa, wurin mota kan cika tun da hantsi.

Wajejen mil 16 zuwa 17 akwai hanyar da ta sauka zuwa Keanae, wani fili mai baƙin dutse da ya kutsa cikin teku. Ba wurin iyo ba ne ko kaɗan, igiyar ruwa tana dukan duwatsun kamar za ta farfasa su. Amma nan ne za ka ga gonakin gwaza cike da ruwa, da tsohuwar cocin dutse da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, wadda ta tsira lokacin da igiyar tsunami ta share ƙauyen ranar 1 ga Afrilu, 1946. Nan kuma ake sayen burodin ayaba da zafinsa.

A mil 19 akwai Upper Waikani, magangaru uku a jere, babba da matsakaiciya da ƙarama. Kyakkyawa ce, amma babu wurin ajiye mota, saukar da ke ƙarƙashin gadar kuma santsi ne zalla. Ka kalle ta ta taga ka wuce. Puaa Kaa, bayan mil 22, ta fi dacewa da mai iyali: filin gwamnatin jiha ne, akwai wurin mota, da banɗaki, da ƙaramar magangara 'yan taku kaɗan daga titi.

A mil 32 sai Waianapanapa, mai baƙin rairayi da kogunan dutse. Bayan Hana kuma, inda lambobin mil suka koma raguwa, akwai magangarar Wailua a mil 45, wadda ake gani sosai daga kan gada, sannan Kipahulu, wadda zan yi bayaninta a ƙasa. In da za a ce in zaɓi ɗaya tak, ita zan ɗauka.

Rana na haskawa, ruwa a kwance garau. Me ya sa ake ta gargaɗi kamar za a shiga yaƙi?

Nan gizo ke saƙar. Ruwan da ke gabanka ba daga sararin da ke kanka yake karɓar umarni ba, daga can saman dutse ne, inda gajimare ya lulluɓe, inda ba ka gani. Wanda ya tashi a karkara ya san yadda korama kan cika ta tumbatsa a garin da ko ɗigo bai sauka ba, don an yi ruwa a wani gari can gaba. Haka abin yake a nan, sai dai gangaren ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Daga tsayin dubban mitoci zuwa bakin teku 'yan mil ne kawai, kwarurrukan matsattsu ne, ƙasansu dutse ne da ba ya shan ruwa, ƙasar kurmin kuma ta riga ta ƙoshi. Saboda haka ruwan da ya sauka a sama ba ya tsayawa ko'ina. Yana tattaruwa ya gangaro a dunƙule, ɗauke da itatuwa da duwatsu, kuma gurbin da yake iya gwiwa zai iya shanye mutum a tsaye cikin 'yan mintoci, wani lokaci ma bai kai haka ba.

An yi asarar rayuka ta haka a rafukan yankin, ciki har da na Kipahulu, kuma da yawa daga waɗanda abin ya rutsa da su ba iyo suke yi ba. Tsallaka rafi kawai suke, ko suna zaune kan dutse a tsakiyarsa ana ɗaukar hoto. Iya iyo ba ya ceton mutum a nan, don abin da ke gaba wata magangarar ce, ko teku.

Shi ya sa kafin ka tuɓe takalmi ka yi abu biyu. Ka ɗaga kai ka dubi dutse: in samansa ya yi baƙi, ka haƙura. Sannan ka dubi gurbin ka tambayi kanka, in ruwa ya taso yanzu, ta ina zan haura? Idan amsar ita ce sai ka tsallaka rafin, ko sai ka bi cikinsa, wurin bai dace da zama ba. Da safe kuma, tun kana inda waya ke da sabis, ka duba ko hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin ambaliya.

To ta yaya zan gane ruwan na zuwa?

Launi ne ke fara canzawa. Ruwan da kake hango tsakuwar ƙasansa zai ɗan yi gurɓi, ya koma ruwan ƙasa. Ganyaye da ƙirare su fara wucewa. Dutsen da ka ajiye tawul a kansa a bushe ka ga ruwa ya fara lasarsa. Ƙarar magangarar ta yi kauri, wani lokaci da wata iska mai sanyi da ke riga ruwan isowa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ka fita nan take, ka haura sama, ka bar jaka da takalmi a inda suke. In ruwan ya raba ka da motarka, ka zauna a tudu ka jira. Yadda yake tasowa da sauri haka yake janyewa, galibi cikin 'yan awanni. Kada ka yi gangancin tsallakawa don kana ganin dare zai yi.

Na ga samari suna tsalle daga kan dutse. In yi?

A'a. Waɗanda ka gani yawanci 'yan gari ne da suka tashi a gurbin, kuma su ma sukan nutsa su duba ƙasan kafin su hau. Kowace ambaliya tana sauya wa duwatsu da kututture wuri, inda yake da zurfi makon jiya yau akwai dutse a kwance. A Hana ƙaramin asibiti kawai ake da shi, babban yana Wailuku, fiye da awa biyu a kan waɗannan kwanonin. Igiyoyin lilo da ake ɗaurawa a rassan itace ma babu mai duba su.

Haka nan kada ka tsaya daidai inda ruwan ke faɗowa. Ba ruwa kaɗai ke saukowa ba. Dutse mai girman dunƙulen hannu da ya taho daga mita 30 ya isa.

Ruwan yana da tsabta? Ana sha?

A ido garau yake, ga sanyi mai ratsa ƙashi, amma ba a sha. Rafukan Hawai suna ɗauke da ƙwayar cutar leptospirosis, wadda ke fitowa daga fitsarin ɓeraye da aladun daji da sauran dabbobi. Tana shiga ta rauni ko ƙujewa, ta ido, ta hanci, ta baki. Mai buɗaɗɗen ciwo a jiki kada ya shiga, wanda ya shiga kuma ya rage nutsa kai.

Abubuwa biyu suka shafe mu kai tsaye. Na farko alwala. Mutum zai ga ruwa mai gudu ya ce ya sami na alwala, alhali kurkurar baki da shaƙa ruwa su ne daidai ƙofofin da cutar ke bi. Ka riƙe gorar ruwa ta daban a mota don wannan. Na biyu, alamun cutar kan bayyana ne bayan 'yan kwanaki zuwa mako huɗu: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki musamman sha-raɓa, jan ido, wani lokaci har shawara. Mu kuwa da mun ji haka sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, mu sayi magani a kemis. In ka yi zazzaɓi bayan dawowa, ka je wurin likita ka gaya masa a fili cewa ka shiga ruwan rafi a Hawai. Idan an gano ta da wuri ana maganinta da ƙwayoyin kashe bakteriya, idan aka bar ta tana iya taɓa ƙoda da hanta.

Gwaiba da mangwaron da ka tsinta a gefen hanya ma a wanke su sosai. Akwai wata tsutsa da ɓera ke yaɗawa ta hanyar dodon koɗi da danginsa marasa ƙoƙo, tana kama ƙwaƙwalwa, kuma an sami masu ita a yankin Hana a 2017.

Kana ta yabon Kipahulu. Me ke can?

Wani ɓangare ne na gandun ƙasa na Haleakala, wanda aka haɗa da gandun a 1969, mil 10 da ɗoriya bayan Hana. Nan ne hanyar ƙafa ta Pipiwai take: mil 4 zuwa da dawowa, hawan kusan mita 240, awa biyu zuwa uku ga mai tafiya a natse.

Farkonta hawa ne a kan saiwoyi da laka, ana zufa, mutum har ya fara tunanin ko an cika baki ne. Bayan kamar rabin mil sai ka iso inda ake hango magangarar Makahiku tana zuba cikin wani kwari mai zurfi, kusan mita 60. Gaba kaɗan akwai wani ƙaton itace dangin ceɗiya wanda rassansa suka sauko suka kafe a ƙasa suka zama wasu kututturan. Sai gadoji, sai kurmin gora.

Kurmin nan shi ne abin da ba ya fita a hoto. Gorar ta yi tsayi ta haɗe a sama har rana tsaka ta koma kamar magariba. An shimfiɗa katako a ƙasa saboda taɓo, kana tafiya kana jin takunka. Da iska ta taso sai sandunan su riƙa bugun juna, ƙwas ƙwas ƙwas, daga nesa ya matso ya wuce ta kanka, wasu kuma suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Yara kan yi tsit a nan ba tare da an ce su yi ba. Kana fita daga cikinta, ka tsallaka rafi, sai ga magangarar Waimoku a gabanka, ruwa yana sulalowa a jikin baƙin bango mai tsayin mita 120.

Akwai allo da ya hana matsawa gindinta saboda faɗowar duwatsu. Za ka ga wasu sun tsallake shi. Daga inda aka tsayar da kai ma ana ganinta gaba ɗaya, kuma daga nan ta fi kyau.

Gurabun Oheo da ke wurin fa, ana iyo a cikinsu?

Su ne waɗanda 'yan kasuwar yawon buɗe ido suka laƙaba wa suna tafkuna bakwai masu tsarki, alhali sun fi bakwai. Jerin gurabu ne, wannan na zuba cikin wancan har teku. Hukumar gandun ta sha rufe su saboda ambaliya da zaftarewar dutse, saboda haka ka je da niyyar kallo. Akwai gajeriyar hanya ta rabin mil da ke zagayawa ta Kuloa Point, daga nan za ka gan su sarai. Abin da ma'aikatan gandun suka ce a ranar shi ne hukunci.

A hoto na ga magangara cike da ruwa, da na je sai tsiyaya na tarar. Yaudara ce?

Wani lokaci rashin ruwan sama ne na 'yan kwanaki. Amma akwai wani dalili mai tsohon tarihi. A 1876 Samuel Alexander da Henry Baldwin suka fara haƙa magudanar da za ta kwashi ruwan gabashin Maui zuwa gonakin rake na tsakiyar tsibirin, inda ƙasa ke bushe. Abin ya bunƙasa ya zama kamfanin East Maui Irrigation, mai magudanu da ramukan ƙarƙashin dutse na mil da yawa. In ka lura za ka ga wasunsu a gefen titi, ruwa na gudu cikin siminti mai gansakuka. Fiye da shekara ɗari ana tare rafuka daga sama, na ƙasa su sami abin da ya rage.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne manoman gwaza na Keanae da Wailuanui. Gwazarsu a cikin ruwa mai gudu ake shuka ta, in ruwan ya ragu ya ɗumame sai ta ruɓe. Kuma a wurin 'yan asalin Hawai gwaza ta wuce abinci: da ita ake kirɓa poi, abincinsu na gado, a labarin asalinsu ma ita ce yayan ɗan Adam. Sun yi shekaru suna shari'a. An daina noman rake a Maui a ƙarshen 2016, a 2018 kuma hukumar kula da ruwa ta jihar ta ba da umarnin a sakar wa wasu rafukan ruwansu. Har yau maganar ba ta mutu ba. Saboda haka gurbin da kake wanka a ciki, ƙasa da shi kaɗan gonar wani ce. Kada ka shiga da sabulu, kada ka jera duwatsu ka tare ruwa don wasa.

Na ji an ce mutanen yankin ba sa son baƙi. Gaskiya ne?

Ba haka ba ne, gajiya suka yi. Garin Hana mutum kimanin 1,500 ne, kuma wannan kwaltar ita ce hanyarsu ta zuwa kasuwa da asibiti da filin jirgi. Ka ƙaddara kullum sai ka tarar da motar haya an jingine ta a kwana, rabinta a kan titi, masu ita sun tafi ɗaukar hoto, motar asibiti ba ta da ta wucewa. A 2021 aka kafa allunan hana tsayawa a wurare da dama, tarar kuma ta kai dala 235.

Na biyu shi ne shiga gonar mutane. Wurare da yawa da ake yaɗawa a Instagram da sunan ɓoyayyiyar magangara filin wani ne ko na kamfanin ruwa, kamar kurmin gorar da ke wajejen mil 6, inda masu ceto suka sha zuwa kwaso mutane da jirgi mai saukar ungulu. In ka ga allo an rubuta KAPU, an hana shiga ke nan. Wani wurin maƙabarta ce, wani wurin ibadar kakanninsu. Ka gaida mutane, ka sayi abin da suke sayarwa a rumfunansu, ka koma da sharar da ka zo da ita. Za ka same su masu sakin fuska.

Wane takalmi, wace sutura?

Silifa ba ta yi. Duwatsun rafi suna da wata gansakuka da ba a gani, zamewa kuma ita ce raunin da aka fi samu a hanyar nan. A nemi takalmi mai kama ƙasa wanda ba a jin tsoron jiƙa shi, da rigar ruwa marar nauyi, da kayan canji a leda.

'Yan'uwa mata sukan tambaya ko dole sai da irin kayan wankan Turawa. Ko kusa. Doguwar riga da wando na yadin wasanni mai saurin bushewa, da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, babu mai kallonki. Abin gudu shi ne zane ko atamfa ko dogon hijabi: in suka sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa, suna maƙalewa a dutse. Yawancin wuraren ba su da ɗakin canza kaya, sai a sa na wankan a ciki tun daga masauki. Man kariya daga rana kuma, tun Oktoban 2022 gundumar Maui ta hana duk wanda ba na ma'adini ba, wato wanda ba da sinadarin zinc oxide ko titanium dioxide aka yi shi ba, don haka a saya a can ya fi sauƙi.

Ban iya iyo ba, kuma da yara zan je.

Babu mai tsaron ruwa a ko ɗaya daga cikin gurabun nan. Gefe kan yi iya idon sawu, taku biyu gaba ƙasa ta ɓace. Ku tsaya a bakin ruwa, yaro kuma ya kasance inda hannunka zai kai gare shi. Twin Falls da Puaa Kaa sun ishe ku. Pipiwai kuwa yaron da ya saba tafiya zai iya, amma akwai ɓangarorin da kwari ke gefe, a riƙe hannu.

Akwai macizai?

Babu macijin da za ka ji tsoro a dajin Hawai, babu kada a rafukan. Sauro ne da yawa, ba ya ɗauke da maleriya, amma an taɓa samun ɓarkewar zazzaɓin dengue a yankin Hana a 2001, don haka a shafa magani. Akwai kuma manyan shanshani masu cizo da zafi, a kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Abinci da salla fa?

Naman alade yana cikin abincin gargajiyar Hawai sosai, har a cikin shinkafa da miya, saboda haka a tambaya kafin a saya. Kifi, da burodin ayaba, da kwakwa, da 'ya'yan itatuwa suna nan a rumfunan hanya, musamman a Nahiku wajen mil 29. Rumfunan kan rufe da wuri, wasu kuma kuɗin hannu kawai suke karɓa. Ni dai na fi son a yi guzuri daga Kahului ko Paia.

Alƙibla daga Maui arewa take, ta ɗan karkata yamma, abin da kan ba wanda ya saba fuskantar gabas mamaki. Filayen ciyawa na Keanae da Waianapanapa da Kipahulu duk suna da inda za a shimfiɗa darduma. Agogon Hawai yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 11, a tabbata manhajar lokutan salla ta kama wurin tun kafin sabis ya ɗauke.

Nawa zan kashe, kuma me ake yanka tun kafin a je?

Hanyar kanta kyauta ce. Waianapanapa ce ke buƙatar shiri: tun 2021 wanda ba mazaunin jihar ba sai ya yanki tikiti ta intanet kafin ya je, da lokacin shigarsa a rubuce, dala 5 kowane mutum, dala 10 mota. Ba a sayarwa a ƙofa, kuma can babu sabis ɗin da za ka saya a waya. Kipahulu dala 30 ce kowace mota, tikitin yana aiki kwana 3, har da hawa ƙololuwar Haleakala ta ɗaya ɓangaren, don haka kada a yar da rasit.

A cika tanki a Paia, babu wani gidan mai sai Hana. A sauke taswira a waya. Kada a bar jaka ko fasfo a kan kujera a wuraren ajiye mota, ana fasa gilashi.

Wane lokaci ya fi?

Ruwa ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris, magangarun sun fi cika, haɗarin ma ya fi. Daga Afrilu zuwa Oktoba an fi samun ranakun iyo. Amma a wannan gefen babu watan da ba a ruwa. Abin da ya fi wata tasiri shi ne sa'ar tashi: ka wuce Paia kafin bakwai na safe. Dabarar da na fi so ita ce a zarce kai tsaye zuwa Kipahulu, a yi Pipiwai da sanyin safiya, sannan a riƙa tsayawa a kan hanyar dawowa, lokacin da jerin motoci ke fuskantar ɗaya ɓangaren. Wanda ke da hali ya kwana a Hana, ya raba tafiyar biyu. Zai sami sararin ganin Piilanihale, ginin ibadar gargajiya na dutse mafi girma a Hawai, da kabarin Charles Lindbergh, matuƙin da ya fara tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai ba tsayawa a 1927, wanda aka binne a harabar wata ƙaramar coci a Kipahulu a 1974.

Taswira ta nuna hanyar ta zagaye dutsen ta baya. Me zai hana in bi ta can in dawo?

Tana nan, ta Kaupo, kuma da ka wuce Kipahulu kaɗan sai kurmi ya ƙare, ƙasa ta koma busasshiya mai ciyawa da shanu, don dutsen ya tare mata ruwa. Sai dai akwai inda babu kwalta, akwai inda ta matse a jikin dutse babu shinge, ana kuma rufe ta in duwatsu sun zubo ko ruwa ya cinye ta. Kamfanonin hayar mota da yawa sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa ba su yarda a bi ta ba, in motar ta lalace a can kuɗin janyowa a wuyanka yake. Ka karanta takardarka, ka tambayi ma'aikatan gandun ko a buɗe take a ranar.

In ta hanyar da ka zo za ka koma, ka bar Kipahulu kafin uku na yamma. Rana na faɗuwa tsakanin shida saura kwata da bakwai da 'yan mintoci gwargwadon wata, babu fitilun titi, kuma daga can zuwa Kahului awa uku ce ko fiye.